Tabarma Ɗaya, Gaisuwa Biyu

Ranar Talata muka kai Baba makwancinsa. Daren Alhamis matata ta haihu, namiji.

Har yau na kasa fayyace abin da na ji a wannan mako. A zaure ana zaman makoki, a cikin gida ana dafa ruwan wankan jego. Mutum zai shigo ya ce "Allah Ya jiƙan Malam," sai ya rage murya ya ƙara da "an ce kuma an samu ƙaruwa, barka." Ni kuwa in rasa da wace fuska zan amsa.

Da na ɗauka farin ciki da baƙin ciki kamar kishiyoyi ne, in wannan ta karɓi girki waccan ta koma ɗakinta. Ashe suna kwana wuri ɗaya. Da Hajiya ta karɓi jaririn, ta buɗe zani ta ga yatsunsa dogaye irin na Baba, sai ta yi dariya, hawaye na ɗiga a goshin yaron. Ban ga ɗaya ya rage wa ɗaya ƙarfi ba.

Limamin unguwarmu ya tuna mini aya ta 43 da ta 44 a Suratun Najmi: Shi ne Ya sa dariya kuma Ya sa kuka, Shi ne Ya kashe kuma Ya raya. A jere suke.

Ranar suna ba a yi kiɗa ba. An yanka rago, aka raɗa masa sunan Baba. Hajiya ba ta faɗin sunan, Maigida take ce masa, kuma duk sanda ta kira shi sai muryarta ta yi rawa.