Kukis ɗina sun daina bajewa, ga abin da na canja a wannan zafin

'Yan uwa masu fama da kukis a bazarar nan, yau kam Alhamdulillah zane ya fito. Bota kukis ɗin nan da ake matsawa da nozil mai tauraro nake nufi, waɗanda tun da zafi ya shigo duk tiren da na saka a oben sai na ciro shi sun baje sun haɗe da juna kamar wainar fulawa, zanen ya ɓace, gefe ya ƙone, tsakiya kuma maiƙo na ta tsattsafowa. Na safiyar yau kowanne ya tsaya daram inda na ajiye shi, layukan nozil ɗin nan ana iya ƙirga su, ƙasa ya yi ja kaɗan sama kuma fari sol. Wallahi daɗi ya cika ni, kuma ina alfahari da su, don na sha wuya kafin na kai nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne awona bai canja ba. Wannan haɗin dai shi nake yi tun hunturu, Disamba da Janairu yana fitowa tsaf har a tambaye ni ko na kanti ne. Fulawa iri ɗaya, nozil ɗaya, oben ɗaya, hannu ɗaya. To me ya faru? Kowa da shawararsa. Wata ta ce in ƙara fulawa, na ƙara, kwaɓin ya yi tauri har ledar matsawa ta fashe a hannuna, waɗanda suka fita kuma sai an haɗa da shayi kafin su tauno. Wata ta ce fulawar ce ta kwana biyu, na aika kasuwar Singa aka sayo sabuwa, babu abin da ya canja. Aka ce in cire ƙwai, na cire, suka riƙa rugurgujewa kuma duk da haka a baje. Ga shi kayan ba arha ba, kiret ɗin ƙwai ya haura 5,000, gas kilo ya haura 1,000, bota kuwa ba a magana, duk tiren da ya lalace kuɗi ne kike kallo sun narke. Yara dai suna cinyewa, amma ni ba don a cinye kawai nake yi ba, walimar saukar ɗiyar yayata na tafe kuma ni na ɗauki alƙawarin kukis da abin sha.

Matsalar ashe zafin garin ne da kansa. Bota tana fara narkewa ne wajen digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a Kano cikin Afrilu rana tana kai 40 har ta wuce, balle kicin da aka kunna oben a ciki. Masu rubuta waɗannan girke-girken a Ingila da Amurka idan suka ce a fito da bota a bar ta ta yi laushi, ɗakinsu bai wuce digiri 20 ko 21 ba, a wannan yanayin botar tana danno da yatsa amma tana riƙe da jikinta. Mu idan muka bar ta a kan kantar kicin rabin awa ta riga ta fara zama mai. Kuma duk tsayuwar kukis a kan wannan take: fulawa da ƙwai su riga su kama jiki a wuta kafin botar ta gama narkewa. Idan kwaɓin ya shiga oben da bota rabi a narke, to ita za ta riga su, ta ja komai ta shimfiɗe, suga ma ya narke ya taya ta. Shi ya sa a hunturu ban taɓa ganin matsalar ba, sanyin asuba da iskar nan su suke yi min aikin ban sani ba.

Za ku ce ai sai a saka a firij. Eh, mai wuta. Mu unguwarmu a wannan watan idan an kawo ta da tsakar dare kafin asuba an ɗauke, firizar tamu ko ruwan leda ba ta iya sanyayawa, kuma ba zan tayar da janareta don tiren kukis ba a kuɗin fetur na yanzu. Abin da ya fitar da ni ƙanƙara ce, irin ta leda da ake sayarwa a bakin titi. Na ɗauko babbar kular nan ta biki, na jera ƙanƙara a ƙasa, na shimfiɗa buhun leda a kai, sannan tsumma mai tsafta saboda raɓa. Babban tire ba ya shiga, sai na koma ƙananan tire guda biyu da suke zama a ciki gefe da gefe. Tsarin shi ne a matsa kukis ɗin tukuna tun kwaɓin yana da laushi, sannan a ɗora tiren a kan ƙanƙara a rufe kula. Kada ku sanyaya kwaɓin kafin matsawa, zai ƙi fita daga nozil ku yi ta kokawa da shi har zafin tafin hannu ya sake narkar da na jikin leda. Minti 25 zuwa 30 ya isa, za ki taɓa ki ji sun yi tauri ba sa manne wa yatsa. Daga kula kai tsaye sai oben, ba tsayawa amsa waya, ba ajiyewa a kan kanta. Ki goge ƙasan tiren da tsumma don yana ɗebo ruwa.

Ita ma botar kafin a fara bugawa a cikin kular nake ajiye ta, in fito da ita minti biyar kacal. Har kwanon bugawar nakan ɗora a kan ƙanƙara ya yi sanyi. Sannan ku duba irin wadda kuke saya. Ta roba mai laushin nan da ake shafa wa burodi an yi ta ne don ta shafu, ruwanta ya fi yawa, ba ta dace da wannan aikin ba ko da sanyi. Ta gashi mai tauri wadda ke zuwa a leda ko a yanko miki a awo ita ce ke jure zafi, ta ma fi bota ta ainihi jurewa, duk da dai a ƙamshi da ɗanɗano babu haɗi, bota ta ainihi daban ce. Ni yanzu rabi da rabi nake yi idan aljihu ya yarda, idan bai yarda ba ta gashin zalla da filebo mai kyau, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da su.

Bugawa ma na rage. Da nakan bar mikisa ta yi ta gudu har haɗin ya yi fari ya taso irin na kek, to iskar da ta shiga ita ke kumbura kukis a wuta sannan ya faɗi, zanen ya tafi da shi. Yanzu minti biyu zuwa uku, da muciya ma ya yi, suga ya ɓace a cikin bota kawai. Bekin fauda kuma na cire shi gaba ɗaya a wannan nau'in saboda dalili ɗaya. Na koma aisin suga, mai tsakin nan ya fi sa su yaɗuwa kuma yana toshe bakin nozil. In babu ki niƙa naki a bilenda ki tankaɗe.

Ga awon da ya tsaya min, da sikeli don gwangwani yana yaudara, wata ta danna wata ta zuba sako-sako: bota giram 250, aisin suga giram 110, ƙwai ɗaya, fulawa giram 300, kon fulawa giram 50, gishiri ɗan kaɗan, filebon banila ƙaramin cokali. Idan kwaɓin ya ɗan yi tauri cokali ɗaya na madarar ruwa, kada ya wuce.

Saura oben, wanda shi ma ya ba ni mamaki. Nawa na gas ne mai lambobi a jikin makunni, ni dai nakan kai shi inda aka rubuta 180 in jira kaɗan in saka. Da na sayi ɗan agogon auna zafin nan da ake ratayawa a ciki (ya ɗan ci kuɗi, amma bai kai asarar tire biyu ba) sai na ga bayan minti goma ko 150 bai kai ba. Wutar da ba ta kai ba ita ce babbar abokiyar bajewa, tana narkar da bota a hankali ba tare da ta gasa komai ba. Yanzu sai na ga allurar ta zauna tsakanin 175 da 180 nake buɗewa, wanda yake ɗaukar kusan minti 20, gas ɗin yana min ciwo amma babu yadda zan yi. Gashin kansa minti 13 zuwa 15. Da yake wutar daga ƙasa take zuwa, na zuba gishiri a wani tsohon tire na ajiye a can ƙasa, ƙonewar gindi ta ragu sosai. Tiren da ya fito daga wuta kuma ba a matsa sabon kwaɓi a kai sai ya huce sarai, ni har ruwa nake zuba masa ta baya. Kuma ba na shafa mai, takardar gashi nake shimfiɗawa, man shafawar nan sulɓi yake ƙara musu.

Lokaci ma na canja. Ana idar da sallar asuba nake shiga kicin, kafin ƙarfe tara na kashe wuta. Da rana ko da ƙanƙara abin ba ya daɗi, kina matsa layi na biyu na farko ya fara sheƙi.

Sauran kayan walimar ba su ba ni wahala ba. Cincin na soya tun shekaranjiya yana cikin bokiti. Gireba kuwa, kai, duk wannan wahalar da nake sha da bota ita ko a jikinta, fulawa da suga da man gyaɗa, a danna a ƙaramin ludayi a kife a tire a barbaɗa riɗi, zafi ko sanyi yadda kika ajiye ta haka za ki ɗauke ta. Iyayenmu da suka saba da ita sun san garin da suke zaune. Duk wadda aka ba aikin biki a bazara kuma ba ta da wuta ba ta da kuɗin ƙanƙara, shawarata ta yi gireba da kantu ta huta, babu mai raina su a faranti. Ni dai son zanen nan ne ya hana ni sakat, kuma ban yi da na sani ba.

Abin sha zoɓo ne babba. Nakan wanke shi da kyau saboda ƙasa, in dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ba na barin shi ya yi ta tafasa don yana ƙara masa ɗaci, ya tafaso kaɗan in sauke in rufe ya jiƙu da kansa. Suga sai ya huce na tace. Masu saka kanwa ko bekin soda don kashe tsami ku yi hankali da yawanta, tana mayar da jan nan mai kyau ya koma baƙi-baƙi, ni na fi so in bar tsamin in ƙara ruwan abarba. Lemon citta da lemon tsami shi ma zan yi jarka ɗaya saboda iyaye masu gudun zaƙi, kuma ya fi tafiya da bota kukis a bakina fiye da zoɓon ma.

Kunun aya ne har yanzu nake ta kai da kawo a kansa. Yayata ta nace sai an yi, da dabino da kwakwa yadda take so, ni kuma na san halinsa, in babu sanyi 'yan awanni kaɗan ya fara tsami ya yi yauƙi, kuma ba abin da za a ba yaran mutane ba ne a haka. Walimar bayan la'asar ce. Abin da na tsara shi ne a jiƙa ayar tun dare, a kai niƙa da hantsi da ruwan sanyi, a tace a ɗura a robobi a binne cikin ƙanƙara nan take, ke nan kula biyu zan nema da ƙanƙara ninki biyu, kuɗin kuma na gaya mata daga jakarta zai fito.

Waɗanda na gasa yau suna cikin bokiti mai murfi, sai da suka huce sarai na jera su da takarda tsakanin kowane layi, kuma ban haɗa su da cincin ba don kada su ɗauki ƙamshin mai. Gobe da asuba zan gwada na koko, zan cire giram 30 na fulawa in mayar da garin koko, sai dai shi ba a gane gasuwarsa da kala, dole in tsaya da agogo. Masu gashi a tukunya da yashi, don Allah wata ta gwada dabarar kular nan ta gaya min ko zanen yana tsayawa a can ma, ina zargin sai an bar yashin ya yi zafi sosai an kuma ɗora garwashi a kan murfi, don maƙwabciyata da tukunya take gashi kuma ta ce za ta taya ni rabin aikin ranar Alhamis.