Koren da ya ƙi zama a bayan rubutu

Da hantsi Kawu ya iso shago a bayan babur ɗin Auta, yana so a gyara masa katin gayyatar walimar saukar jikarsa kafin ranar Asabar. Wani yaro na unguwarsu a Bukoki ne ya fara aikin a Word, ya rubuta sunan yarinyar da WordArt cikin manyan haruffa masu lanƙwasa, sannan ya bar shi a haka. Buƙatar Kawu ba ta da yawa: sunan ya fito da ruwan zinariya, a bayansa kuma a shimfiɗa kore mai duhu.

Na miƙa wa Auta aikin, domin ina kan buga wa wasu ɗalibai takardun neman aiki. Ya danna Remplissage de forme, wato maɓallin cika zane da launi, ya zaɓi kore, sai haruffan da kansu suka rine, bayansu kuwa yana nan fari fat. Ya maimaita, abin bai sake ba. Kawu, wanda ya jawo kujera har kusa da kwamfutar yana leƙe ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, ba rubutun na ce a rina ba. Mai zayyanar allo ma sai ya gama shafe ƙasa kafin ya ɗora alƙalami." Muka yi dariya, Auta ne kawai bai yi ba.

Da na duba saman allon kwamfutar sai na ga an rubuta Mode de compatibilité kusa da sunan takardar, nan take na gane inda matsalar take. Yaron ya adana aikin ne a tsohon tsari na .doc, wanda yake riƙe da WordArt irin na Word 2003 da 2007, inda haruffan su ne zanen gaba ɗaya, babu wani akwati a bayansu da zai karɓi launi. A wancan tsari dole ne mutum ya zana akwati daban, ya cika shi da launi, ya tura shi baya, sannan ya haɗe su biyun da Grouper don kada su rabu idan an matsar da ɗaya. Daga Word 2010 ne aka mayar da WordArt rubutu a cikin akwatinsa, ta yadda Remplissage du texte yake rina haruffa, Remplissage de forme kuma yake rina abin da ke bayansu. Na buɗe sabuwar takarda, na sake rubuta sunan, koren ya zauna inda ake so.

A nan ne gardama ta fara. Kawu ya ce a sa rana da wurin walima da jan rubutu a kan koren, kuma a rina shafin baki ɗaya. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ja a kan kore mai duhu ba ya karantuwa, musamman ga dattawa irinku, alhali su ne manyan baƙin." Na juya masa allon na ce ya karanta daga inda yake zaune; ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya amince da fari. Game da shafin kuma na bayyana masa cewa Couleur de page, wato launin shafi, a allo kawai yake fitowa sai an je an kunna shi a wajen zaɓin bugawa, kuma ko an kunna, injinmu yana barin farin gefe, ga shi zai sha tawada fiye da kima. Ruwan zinariyar ma na gargaɗe shi cewa haske ne yake ƙawata shi a allo, a takarda zai fito rawaya mai ɗan duhu. Na buga gwaji guda, ya ɗaga shi a bakin ƙofa, ya ce ya yi.

Sai da na tambaye shi kati nawa za a buga ya ce ai ba sai an buga ba, in tura hoton zuwa wayar Auta, a raba wa dangi ta WhatsApp, har waɗanda ke Tawa da Agadas za su samu kafin azahar. Ya ninke gwajin nan guda ya sa a aljihu, ya sa mini albarka, suka tafi.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba, don ko an buga ba zan karɓi ko dala daga hannunsa ba. Abin da ya tsaya mini shi ne duk bayanin da na yi a kan tawada da farin gefe da yadda launi yake sauyawa a takarda ya saurare shi ne don kara kawai, tun farko ba takarda ya zo nema ba. Katunan ɗaurin aure da na suna su ne suke riƙe shagon nan a bayan salla, kuma na lura masu zuwa yanzu sun fi tambayar hoto fiye da bugu.

Wuta ta ɗauke bayan la'asar, ɗaliban za su dawo gobe. Tawadar launin da na yi niyyar sayowa a Babbar Kasuwa wannan makon na ɗage sayenta zuwa ƙarshen wata.