Na faɗa wa Auta

Asabar, 6 ga Mayu, 2017

Yau dai Allah ya yi, mun kalli Baahubali na biyu, fim ɗin Indiya na darakta Rajamouli. Tun 28 ga Afrilu ya fito, amma tikiti a garin nan ya zama kamar fetur lokacin dogon layi. Ɗan Zariya ne ya samo mana guda biyu, na Hindi, don in na Telugu ne sai dai mu zauna muna kallon motsin baki. Hindi kuwa ko ba komai fina-finan da muka sha tun muna yara sun bar mana ɗan guzuri.

Zafin Hyderabad yau ba magana. Mai adaidaita ya ga baƙi ya so ya yanke mu, muka bar shi muka hau na bayansa.

Kafin a fara kowa ya miƙe don taken ƙasa, wanda ya zama dole tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na ƙarshen bara. Ana zama jarumin fim ɗin, Prabhas, ya bayyana, sai silima ta kaure da fito da ihu, wani dattijo kusa da ni har yana buga kujera. Kusan awa uku ban duba waya ba sai a hutun tsakiya, da muka fita sayen samosa. Wurin da aka tanƙwaro itatuwan giginya aka cilla mayaƙa cikin garkuwoyinsu suka tsallake ganuwar Mahishmati, Ɗan Zariya ya matso kunnena ya ce, "An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ta Rajamouli ta yi 'ya'ya har da jikoki." Dariya har da hawaye.

To ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Wajen goma na dare, can gida biyar da rabi na yamma, Auta ya kira ta wayar Umma. Kun san da shi muka kalli na farkon a 2015, fassarar Hausa, a ƙaramar talabijin ɗin ɗakin Umma, ana ɗauke wuta muna jira. Tun daga ranar yaron nan bai bar maganar ba: me ya sa Kattappa ya kashe Baahubali? Shi da abokansa na shagon cajin waya kowa da nasa hasashen. Nasa shi ne ba a kashe shi ba sam, ɓoye shi aka yi a wani kogo, zai dawo.

Ko gaisuwa bai ƙarasa ba. "Yaya, ka gani?"

Na ce na gani.

"Don Allah faɗa min."

Na ce ya haƙura, fassara na nan tafe, ya gani da idonsa ya fi. Ya ce don girman Allah. Ya ce shi ba zai ji komai ba, zai kalla duk da haka. Ina jiyo Umma daga nesa tana cewa in faɗa masa ta huta da mita.

Sai na faɗa. Na ce Sivagami ce ta ba da umarni, uwar da ta shayar da shi ta raine shi, bayan ɗan cikinta Bhallaladeva da ubansa sun kitsa mata makirci ta yarda cewa Baahubali yana neman ran ɗan nata. Kattappa kuma bawan gadon sarauta ne tun kakanni, ba ya tsallake umarni. Duka-duka bai ɗauke ni rabin minti ba.

Shiru. Har na duba ko layi ne ya yanke.

"Wato da gaske ya mutu."

Na ce da gaske.

"To. Ga Umma."

Ita kuma ta hau tambayata ko ina cin abinci, ko na fara shirin azumi, ina amsawa hankalina na kan wannan "to" ɗin. Ni na samu abin da duhu da kiɗa da ɗaruruwan mutane suna jan numfashi tare, na ga fuskar tsohon nan lokacin da ya ɗaga takobi a kan yaron da ke kiransa kawu. Auta kuwa a tsakar gida ya samu nasa, a bakina, cikin jimla uku, murya na yankewa. Kusan shekara biyu yana riƙe da kogon nan nasa.

Ɗan Zariya ya ce in daina damun kaina, ai shi ya roƙa, Umma ma ta sa baki. Na ce masa Kattappa ma cewa aka yi ya yi. Ya jefe ni da matashi ya juya ya kwanta.

Wanki na nan jibge. Gwajin Litinin ban buɗe ko shafi ɗaya ba.

Na tura wa Auta saƙo cewa akwai sauran abubuwa da yawa da ban faɗa masa ba, har da giwa da jirgin ruwa mai tashi sama. Alama ta nuna an karanta tun ɗazu. Wataƙila Umma ce ta buɗe.