Ludayin da na kai baki a Fushimi Inari

Har yau in na tuna ludayin nan sai kunya ta rufe ni.

A 2018 ne, lokacin da na ziyarci Fushimi Inari, wani wurin bauta a birnin Kiyoto na ƙasar Japan. Tun a jirgin ƙasa daga Kiyoto zuwa tashar Inari, tafiyar minti biyar, abu ɗaya nake saƙawa: ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa komai ba, kada kuma a ce na raina musu wurin bauta. Mabiya Shinto, addinin gargajiyar Japan, in sun zo bauta sukan rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su ƙara rusunawa. Na tsaya gefe, ko kallona ba wanda ya yi. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

A bakin shiga akwai kaskon dutse cike da ruwa, an jera ludaya a kai. Ga zafi, ga gumi, sai na ɗiba na kafa kai yadda muke yi da moda a gindin randa. Wata dattijuwa ta taɓa hannuna a hankali. Ba faɗa, ba harara, ta karɓi ludayin ta nuna mini: a wanke hagu, a wanke dama, a zuba a tafin hagu a kurkure baki, sannan a tsayar da ludayin ragowar ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin. Duk wannan da ɗiba ɗaya. Ludayi ba ya taɓa leɓe.

Abin da ya fi ci mini rai, tun ina yaro nake alwala. Ni ya kamata in fi kowa gane ruwan tsarki da na gan shi.

Wurin ya tsufa, tun shekarar 711 yake. Ƙofofin katako jajaye, wajen dubu 10, sun bi dutsen mai tsawon mita 233, a bayan kowace an rubuta sunan ɗan kasuwa ko kamfanin da ya ba da ita, don Inari a wurinsu abin bautar shinkafa ne da ciniki. Ga gumakan yanyawa ko'ina, wasu da makullin rumbu a baki. Na yi sama da awa biyu ina hawa da sauka, amma hankalina na kan mutanen da za su ɗauki ludayin nan bayana.

In ka je, ɗan'uwa, ka tsaya a bakin kaskon ka kalli mutum biyar kafin ka miƙa hannu. Ruwan shanka kuwa, taho da shi a gora.