Bangon da ya tsage da takardar da ban rubuta ba

Ranar Asabar da ta wuce na je ganin sabon gidan da ɗan ƙanwata ya samu a wani rukunin gidaje da ke bayan garin Kaduna, wanda za a riƙa cire kuɗinsa daga albashinsa har tsawon shekaru. Tun kafin in zauna idona ya faɗa kan wata tsaga da ta taso daga kusurwar tagar falo, ta miƙe a karkace har ta kusa taɓa silin. Na sa farcen babban yatsana a ciki, ya shige ba da gardama ba. Da na tambaye shi ko ya kai koke, sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, kada ka damu, yayan abokina yana aiki a ofishin hukumar gidajen, na tura masa hoton ta WhatsApp, ya ce in bar komai a hannunsa." Gabana ya faɗi, domin maganar da na faɗa wa mai ɗakina ke nan shekaru da dama da suka wuce, sai dai ni da ƙafata na je.

Ni ma ta hanyar wata hukuma na samu gidana, bayan an daɗe ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashina zuwa asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992. Da rani aka ba mu makullai, fenti yana ta ƙyalli, aka miƙo mini takarda mai cewa na karɓi gida lafiya ƙalau, na sa hannu ban karanta ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana haya a Tudun Wada, yana jin gorin mai gida kowane ƙarshen shekara, ba ya tsayawa ƙwanƙwasa bango ranar da aka ce ga nasa. Damina ce ta tona asiri. Da ruwan Agusta ya sauka, ɗakin yara ya koma wurin jera robobi da tukwane, danshi ya hau bango har gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, ƙofar bayi kuma ta daina rufuwa. Daga baya ne na fahimci cewa idan ƙofa ta ƙi shiga gurbinta a sabon gini, kuma bango ya tsage a karkace, sau da yawa alama ce ta ƙasa tana zaunawa a ƙarƙashin fandisho.

Akwai wani abokin karatuna a ofishin, shi ne ma ya taimaka sunana ya fito. Wurinsa na nufa. Ya sa aka kawo mini lemo, muka yi hirar makaranta, ya ce za a turo injiniya. Na koma bayan mako uku, na koma bayan wata biyu, kullum da fara'a ake karɓata, da fara'a ake sallamata. Har yau ban yarda cewa sakarci ne zalla na yi ba. Ta yaya mutum zai zauna ya rubuta takardar ƙorafi a kan ofishin wanda ya yi masa hanya? A tarbiyyar da muka tashi da ita wannan butulci ne, kuma da na yi, da surutun da za a yi a kaina ya fi yoyon ciwo. Amma kunyar nan ba ta hana ruwa zuba a kan katifar 'ya'yana ba, abokin nawa kuma aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da duk alkawuran da ya yi mini a bakinsa.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Na gaji da jira, na kira birkila ya fasa tsagar ya cike ta da siminti, kafinta ya canza kwano uku, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Da hannuna na shafe shaidata. Sai da aka yi wata 14 da karɓar makulli na rubuta takarda ta farko, ita ma na ba masinja a bakin ƙofa, ban riƙe kwafi mai hatimi ba, don haka da na dawo neman amsa aka ce ba a ga shigarta a rajista ba. Daga nan aka fara wasan ƙwallo da ni. Hukuma ta ce aikin ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce ya miƙa aiki an sallame shi, banki ya ce shi bashi ya bayar, bai ɗora bulo ko ɗaya ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa a rubuce, ni kaɗai ne tawa take a baki.

Wani lauya maƙwabcina ne ya buɗe mini ido, bayan aikin gama ya gama. A kwangilar gini, a kan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin 100, har wa'adin gyaran kurakurai ya cika, wata shida ko shekara guda. Wato duk watannin da nake shan lemo a ofishin abokina, akwai kuɗin da za a iya tilasta gyara da su, suna ajiye, babu takarda ko ɗaya a fayil da za ta hana a sake su. Ya kuma gaya mini cewa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 kuma ba a biyan ko sisi a kai mata ƙara, dokarta ta hana ta binciken abin da aka kawo bayan wata 12 da faruwarsa. Ƙofa biyu sun rufe ina tsaye ina gaisuwa.

Na zauna da niyyar jero wa matasa shawarwari goma, amma da na auna su sai na ga yawancinsu ado ne. Ka rubuta takarda a makon da ka ga aibin, kwafi biyu, ka kai rajista da kanka, kada ka bar wurin sai an buga hatimi da kwanan wata a naka. Saƙon waya ga yayan aboki ba koke ba ne. Ku yaran yanzu kuna iya ɓata awa uku kuna zagin gwamnati a Facebook, a taru a yi muku "Allah ya isa" ɗari biyar, amma shafi guda mai adireshi da sa hannu ya gagare ku. Ka nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya duba ya rubuta rahoto, ko da kuɗinsa zai yi maka zafi, domin maganar birkilan unguwa ba ta shiga fayil. Idan aka yi shiru, ka sake rubutawa kana ambaton lambar takardar farko, sannan ka wuce gaba tun shekara ba ta zagayo ba. Kada kuma fushi ya sa ka daina biyan bashin, don a ranar ne za ka koma mai laifi.

Na ce kada ka dogara da sanayya, kuma ban janye ba, amma ka san sunan akawun rajista, ka gaishe shi da mutunci, domin shi ya san teburin da fayil ya kwana. Ban ce ka ba shi na goro ba, ko da yake ba zan yi rantsuwa cewa ni ban taɓa bayarwa ba. Haka nan na ce kada ka taɓa bangon kafin a zo a gani, amma idan tsagar tana ƙara faɗi kuma a ɗakin yara take, ka ɗauki hoto, ka kwashe su, ka gyara, shari'a ta biyo baya.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata, yana jin rabi yana latsa waya. Na karɓi biro na rubuta masa takardar a kan teburin falonsa, ya ce zai buga ta ranar Litinin. Da na kira shi ranar Laraba sai ya ce yayan abokin ya roƙe shi ya ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata. Na gaya masa Litinin mai zuwa ƙarfe takwas zan tsaya a ƙofar gidansa da motata, kuma na riga na buga kwafi biyun da kuɗina.