Daga Garwa zuwa gonakin inabin Bordo a jirgin ruwa

Duk wanda ya zo yi mini barka da dawowa sai ya rage murya ya ce, "Alhaji, me ya kai ka jirgin mashaya?" To ga amsar a rubuce, bakina ya huta. Babban ɗana da ke aiki a Tulus ta Faransa ne ya yanka mana tikitin yawo a jirgin ruwa a yankin Bordo ni da Hajiya, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Baba, ƙasar giyar inabi ce, amma kai manomi ne, gonaki za ka gani." Ya ƙi faɗin kuɗin. Uwarsa ce ta tatso daga baya: mutum ɗaya ya haura Yuro 1,000, kuma Yuro ɗaya Sefa 655 ne da ɗoriya. Kowa ya buga lissafinsa. Ni dai da na buga nawa, daren nan da ƙyar na runtsa.

Ba zan ɓata lokaci kan hanya ba, sai dai jami'in da ya duba takardunmu a filin jirgin da muka sauka. Yaro ne, bai kai sa'an autana ba. Ya juya fasfo ɗina, ya nemi tikitin komawa, ya nemi takardar masauki, ya sa na ƙirga masa guzurina a gabansa. Da ya ƙare sai ya turo fasfon da ɗan yatsa, ko ɗago kai bai yi ba. Hajiya ta ce, "Allah ya shirya." Daga Faris jirgin ƙasa ya kai mu Bordo cikin awa biyu da 'yan mintuna, tafiyar da tsawonta ya kusa na Ngaundere zuwa Yawunde, wadda mu kwana muke yi a kanta.

Ruwan Garon, kogin da ya ratsa Bordo, ja ne, jawur da laka irin na Binuwai a tsakiyar damina. Na zaci ambaliya aka yi, ashe haka yake kullum, domin teku ce ke turo ruwa ciki ta kuma janye sau biyu a rana. Matuƙin jirgi ba ya tashi sai ya duba lokacin cikar ruwa. Jirgin kansa dogo ne siriri, ɗakuna a jere, kowane da tagarsa daf da ruwa. Fasinjojin kusan duk tsofaffi ne masu cin fansho, Faransawa da 'yan Beljiyam da Ingila. Matsalar farko alƙibla, don jirgi yana ta karkata, sai na koma jiran a ɗaure shi a gaɓa. Ta biyu teburin cin abinci. Na ce wa shugaban masu hidima ba na zama inda ake zuba giya. Bai yi musu ba, ya ba mu ƙaramin tebur a lungu kusa da ƙofar kicin, kuma zaman nan ya yi mana rana. Akwai wani mai dafa abinci ɗan Maroko da kan leƙo ya ce, "Hajji, wannan miyar kar ka taɓa." Mutanen nan har a naman sa suna zuba giya. Shi ne ma ya hana Hajiya wani ɗan kek mai suna kanele da garin ke taƙama da shi, ya ce akwai barasa a ƙullunsa. Kifi da ƙwai da burodi muka yi ta ci, ban yi ƙorafi ba.

A Poyak, cikin yankin Medok, na ga abin da har yanzu nake juyawa a raina. Mota ta kai mu wata gona, na durƙusa na damƙi ƙasa: tsakuwa ce zalla, irin wadda a Garwa ko kyauta aka ba ka sai ka ce a kai kasuwa. Mai yi mana bayani ta ce ita ake so. Wai idan itacen inabi ya sha wuya sai ya tura saiwa can ƙasa, 'ya'yan su fito ƙanana masu ƙarfin ɗanɗano. A lokacin, hekta ɗaya a nan ta haura Yuro miliyan 2. Na sake tambaya ko kunnena ne. A wasu sassan Bordo ɗin kuwa hekta ba ta kai Yuro dubu 15 ba. Inabi ɗaya, rana ɗaya, ruwan sama ɗaya. Bambancin suna ne. A 1855 sarki Napoliyon na Uku ya sa aka jera manyan gonakin daraja biyar saboda wani baje koli a Faris, kuma jerin nan na nan, babban gyaran da aka yi masa shi ne na 1973 da aka ɗaga gona ɗaya zuwa sahun farko. Shekara da shekaru ina loda albasa zuwa Duwala, ban taɓa ganin buhun da aka rubuta sunan ƙauyen da ya noma ta ba, balle na manomin. Audugarmu ma haka take fita, ba suna. Su kuwa kwalba ba ta barin gona sai da sunan gari da na gona da shekarar girbi, kuma a kan wannan ake biyan kuɗi.

Wani abin da ya burge ni, kusan duk itatuwan masu aure ne, kamar mangwaron lambunanmu. Wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka bayan 1860 ya cinye saiwoyin inabin Faransa, aka rasa magani sai da aka ɗauko gindin inabin Amurka aka ɗaura na gida a kai.

Da aka shiga ɗakin ajiya, inda gangunan katako masu cin lita 225 ke jere, warin ya koro ni waje. Ta taga na ga yadda suke ɗanɗanawa: a kaɗa kofi, a cusa hanci, a kurɓa, a wasa baki, sannan a tofar a wani bokiti. Hajiya ta riƙe haɓa. "Alhaji, kuɗi suka biya su tofar?" A gaskiya ban ga wanda ya yi tangaɗi ko ya ɗaga murya ba duk tafiyar, amma abin da Allah ya haramta ya haramta, ko da ladabi aka sha.

Wanda ya fi karrama mu wani tsoho ne mai ƙaramar gona kusa da Blay, ba ya ma cikin tsarin tafiyar. Muna yawo da ƙafa ya gan ni ina leƙen kunyoyinsa, ya yafito mu. Lokacin girbi ne. Ya miƙo mini almakashi ya nuna yadda ake tallafo nonon inabin da hagu a datse da dama. 'Ya'yan baƙaƙe ne ƙanana, fata mai kauri, ƙwallo a ciki, zaƙi har ya kama maƙogwaro. Matarsa ta matso mana ruwansa nan take ta tace da ƙyalle, ta cika wa Hajiya kwando. Na ciro kuɗi, ya ɓata rai. Sai ya nuna mini gonar maƙwabcinsa, an tumɓuke ta sarai. Faransawa sun rage shan jar giya, farashi ya faɗi, a 2023 aka ƙaddamar da shirin da ya biya manoman yankin Yuro 6,000 kowace hekta su cire itatuwansu. Ya ce 'ya'yansa ba mai son gadon gonar. Da ya ji daga Kamaru muke sai ya yi dariya ya ce ai muna da dangantaka: kamfanin Castel da aka kafa a Bordo a 1949 shi ke da babban kamfanin giya da lemo na ƙasarmu, mai masana'anta a Garwa.

Tsada kam ba a magana. A kasuwar Liburn na ga albasa ƙulli ɗaya a kuɗin da zai cika maka tasa a gida, kuma ba a tayi. Na gwada, matar ta nuna mini allon farashi da ɗan yatsa. A kasuwar gwanjo ta unguwar San Mishel a Bordo ne kawai na samu Larabawa da 'yan Senegal da suka san ciniki, na sayi rigar sanyi a rabin kuɗin da aka fara sa mata.

Sauran wuraren a gurguje muka bi. San Emiliyon gari ne na duwatsu da hawa da gangara, da coci da aka sassaƙa cikin dutse guda, gwiwar Hajiya ta hana mu kaiwa sama. A bakin Jirond, faffaɗan ruwan da ke kai Garon teku, akwai bukkokin masunta a kan dogayen ƙafafu da taru mai kusurwa huɗu da ake saukarwa da igiya, ya tuna mini da tarun masuntan Kotoko a kogin Lagon. A Sotarn kuma sai inabi ya yi fumfuna ake tsinka, wai ya fi tsada. Ranar ruwa ake yi, ban sauka daga mota ba.