Yadda ake gasa yatsun mayya na bikin Halowin ba tare da sun kumbura ba

A daren 31 ga Oktoba, a Amurka da Kanada da Ailan da Birtaniya, yara kan sa kayan dodanni su bi gida-gida ana ba su alawa, manya kuma su cika teburi da abinci mai siffar ban tsoro. Bikin Halowin ke nan. Tushensa yana komawa ga bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sikotlan na dā, kuma 'yan ci-ranin Ailan ne suka yaɗa shi a Amurka cikin ƙarni na 19. A kayan maƙulashen wannan dare, wanda ya fi sa baƙo ya ja da baya kafin ya miƙa hannu shi ne biskit ɗin da ake kira yatsun mayya. Mayyar nan ba ta da alaƙa da maitar da ake tsoro a ƙasar Hausa, tsohuwa ce ta tatsuniyar Turawa mai doguwar hula da tsintsiya.

Kwaɓin ba shi da wuya. Wahalar ita ce yatsan ya fito daga obin yana nan yatsa, domin da zarar ya baje ya yi ƙiba, ya zama biskit kawai, ba mai tsorata.

Ana buƙatar bota giram 225, niƙaƙƙen sukari mai laushi kamar hoda giram 125, ƙwai ɗaya, filebon banila cokalin shayi ɗaya, fulawa giram 340, gishiri rabin cokalin shayi, da bakin foda rabin cokalin shayi. Mutane da yawa cokali guda cur suke zubawa, amma rabi ya fi, don bakin foda ne ke hura kwaɓin ya shafe gaɓoɓin da aka sha wahalar fitarwa. Wannan awo zai ba da yatsu kusan 50, sai a tanadi ƙwayar almon (ƙwaya ce mai kama da gyaɗa amma ta fi ta tsawo da tsini) guda 50 na farce. In babu almon, ɓarin gyaɗa da aka sale yana yi, sai dai farcen zai fito gajere.

A fitar da bota ta yi laushin da yatsa zai nutse a ciki amma ba ta fara sheƙin narkewa ba. A haɗa ta da sukarin a juya minti ɗaya zuwa biyu, su haɗe kawai. Dogon bugu irin na kek iska yake tura wa kwaɓi, iskar kuma a wuta take faɗaɗa. A sa ƙwai da filebo, sannan a tankaɗe fulawa da gishiri da bakin foda a zuba, a juya har farin fulawa ya ɓace, a tsaya nan. Murza fiye da haka na sa biskit ya yi tauri. A naɗe kwaɓin a leda a sa a firij na minti 30 ko fiye.

Kafin ya yi sanyi, a gyara faratan. A jefa almon cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya, a tsame a sa a ruwan sanyi, a matsa da yatsa ɓawon zai zame. A shanya su bushe sarai. Wanda ke son farce mai kama da datti ya bar ɓawon a jiki, ni a ganina ma hakan ya fi ƙyama.

A riƙa fito da kwaɓin kashi-kashi, sauran na firij. A gutsuro giram 15, a mulmula ya kai tsawon santimita 9, kaurinsa kada ya wuce ƙaramin yatsan mutum. A ido zai yi kamar ya rame da yawa, to haka ake so, wuta za ta ƙara masa. A matse shi a wurare biyu don tsakiya ya tashi kamar gaɓa, a yi wa kowace gaɓa tsaga uku da bakin wuƙa. Tsagar ta shiga sosai, wadda aka shafa sama-sama rufewa take yi. A danna almon a kan yatsan, tsininsa na kallon waje. A ɗan karkata wasu, a lanƙwasa wasu, yatsu hamsin miƙaƙƙu iri ɗaya ba sa kama da na mutum.

Daga nan ne yawanci ake kuskure: ɗumin hannu ya riga ya sassauta botar, sai a tura faranti obin kai tsaye. A mayar da shi firij na minti 20 tukuna, yatsun su sandare. Bota mai sanyi tana jinkirin narkewa, kafin ta kwanta fulawa da ƙwai sun kama siffar. Majarin mai laushi na cikin roba ba ya sandarewa haka, shi ya sa yake baje yatsun. Kada kuma a jera sabon zubi a farantin da bai huce ba.

A gasa a digiri 165 na ma'aunin Salshiyas, tsawon minti 20 zuwa 25. Ƙasansu ya ɗan yi ja, samansu ya zauna fari fat kamar hannun gawa. In obin ɗin na cin baya, a juya farantin a minti na 12. Mai son koren yatsu ya sa kalar abinci mai kauri, ta ruwa tana sassauta kwaɓi, kuma ya rage lokacin gashi kaɗan, domin kore in ya fara soyuwa komawa yake ruwan ƙasa.

Bayan minti uku da fitowa, a ɗaga kowane farce a hankali, a ɗiga jinin ƙarya (yadda ake haɗa shi na tafe) a ramin da ya bari, a mayar a danna har ya ɓulɓulo ta gefe. Wannan ne ke riƙe farcen, in ba haka ba zubewa yake yi. A ɗauki ɗan burushi a shafa garin koko, wato na cakulan, cikin tsagar gaɓoɓi.

Jinin kuwa jam ɗin sitiroberi ne da aka ɗumama aka tace. Ja zur yake fitowa, jini na gaske ya fi haka duhu, don haka a sa masa garin koko kan cokali. Zoɓo ma na bayar da launi mai kyau: busasshe giram 20 a ruwa mililita 250, a tafasa minti 10, a tace, a sa sukari giram 100 da sitacin masara babban cokali ɗaya da aka dama da ruwan sanyi, a bar shi a wuta har ya riƙa manne wa bayan cokali. Kada kanwa ko soda ta taɓa shi, launin zai juye zuwa shuɗi-shuɗi.

Yatsun da ba a sa wa jini ba suna kwana biyar a mazubi mai murfi. Gindinsu kuwa sai saura awa ɗaya a ci za a tsoma shi cikin jinin, don laimar tana jiƙa biskit ya karye a hannu. A kuma faɗa wa baƙi cewa farcen almon ne ko gyaɗa, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka ko kaɗan.